Wai kwamfuta ba ta ruɗewa a darar ches?

Ku 'yan "ai kwamfuta ba ta kuskure", ku matso kusa, yau da ku nake. Na san hujjarku: kwamfutar Deep Blue ta lallasa Kasparov a 1997. An ji, an yarda. To me za ku ce game da abin da Hikaru Nakamura ya yi wa manhajar Rybka a 2008?

Wasan gaggawa ne ta intanet. Nakamura ya cushe allo da sojoji har babu hanyar wucewa, ya kuma sallama mata manyan 'ya'yansa da gangan. Rybka ta ƙirga, ta ga ita ke da rinjaye, sai ta hau doron zuwa da dawowa kamar mai kuɗi a aljihu ranar da kasuwa ba ta ci. Da ta ga dokar motsi 50 na shirin mayar da wasan canjaras, sai ta sadaukar da soja don ta buɗe hanya. Nan ta buɗe wa kanta kabari. A motsi na 271 aka tashi, Nakamura ne da nasara.

Matsalar ita ce manhaja lissafi take yi. Tana hango motsi da dama a gaba, tana auna nauyin 'ya'yan kowa. Ganuwar da ba ta fasuwa kuwa, ɗan Adam kallo ɗaya zai mata ya ce a tashi. A 2017 Roger Penrose ya fito da wani jeri inda baƙi ke da bishop uku suna yawo a gidaje masu duhu, manhajoji suka ce baƙi sun ci, alhali in farin sarki ya tsaya a gidaje masu haske kawai, shi ke nan, canjaras ne.

Kar ku ɓata rai, an yi wa manhaja magani. Ta san dokar maimaita jeri sau uku. Idan 'ya'ya bakwai ko ƙasa da haka suka rage, akwai rumbun da aka lissafa kowane jeri a ciki, tana leƙawa ta faɗi gaskiya. Manhajar Stockfish ma tana rage makin da ta bayar yayin da ake tunkarar motsi 50 babu ci babu tura soja.

Amma in allo ya cushe, ka ga makin ya kafe a +3 duk zurfin da ta yi, Malam, miƙa wa abokin wasanka hannu. Kunnen doki ne.