Masu Saita Na'ura a Birnin Dikko

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, na'urar POS ta cika Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Babbar Kasuwa. Ga kyamarorin tsaro a shaguna, ga rawuta a gidaje. Kowace da 'yar kwamfuta a cikinta, kuma buƙatarta ba yawa: adireshinta, adireshin ƙofar da za ta bi ta fita intanet, sai lambar sirri. Masu ba ta waɗannan ne Allah Ya yi su iri-iri.

Akwai Malam Tsinke. Kowace cuta maganinsa ɗaya: ya karɓi tsinken sakace, ya zura a ramin bayan na'ura, ya danne. Ta koma yadda ta fito daga kamfani, ta manta sunan Wi-Fi, ta manta har aikin da wani ya wuni yana yi. Sai ya miƙe ya kaɗe riga: "Alhaji, wannan kam daga sama ne."

Ƙaninsa shi ne Mai Neman Sabis. Ya ɗaga POS sama, ya fita bakin titi, ya hau benci. Data ce ta ƙare tun jiya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Admin. Ya buɗe 192.168.1.1, ya rubuta admin a sama, admin a ƙasa, hoto ya fito, ya karɓi kuɗinsa ya hau babur. Ka ce ya canza lambar sirrin, ya ce, "Haba, wa ya san da kai?" To, a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi kyamarori da rawutoci tana gwada irin waɗannan lambobin na kamfani, ta tara su runduna, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka. Ba ta tambayi sunan uban kowa ba. Idan kuwa ka matsa wa Admin, ya yi maka gata da 12345678, ko lambar wayarka da ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon shago.

Sai Injiniya, mai jakar goyo da Turanci. Shi raini ne a bar rawuta ta raba adireshi da kanta, sai ya sa da hannunsa. Ya ba kyamara biyu adireshi ɗaya, su yi ta kishi, in ta zaure ta fito ta sito ta ɓace. Ko ya yi ta zufa yana neman haɗa na'ura mai jin zangon Wi-Fi na 2.4 kaɗai da zangon 5. Daga ƙarshe hukunci: "Sai an kai Kano."

Mai Makulli kuwa gwani ne, ba na musu. Aikinsa tsaf. Lambar sirrin ce ba ya bayarwa. Ranar da ka canza layi, sai ka neme shi, sai kuɗin mai, sai "ina Jibiya, sai jibi."

Kada mu bar Alhaji da kansa, wanda ya sayi kyamara takwas, ya ƙi sayen batir. Wuta na ɗaukewa tsaro ya tashi aiki. Kuma yaran unguwa duk sun san lambar Wi-Fi ɗinsa, don da bakinsa ya karanto ta a majalisa bayan la'asar.

Ranka ya daɗe, kafin ka sallami mai saiti, sa shi ya canza lambar kamfani a gabanka, ya rubuta maka sabuwar a takarda, ka gwada ta da wayarka, sannan ka zura hannu aljihu.