Ɗan Tayi da Matsayinsa a Kasuwar Mako

Kasuwar mako, wato wadda ke ci rana ɗaya cikin bakwai sannan ta watse ta bar wa awaki rumfunanta, ta girmi jihar Jigawa da aka ƙirƙira a 1991 nesa ba kusa ba, kuma har yau da ita mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ke lissafin kwanaki, domin duk wanda aka ce za a biya shi bashinsa ranar kasuwa ya san ranar sarai, makon ne kawai ba a faɗa masa ba. Garuruwa sun raba ranakun a tsakaninsu yadda mai himma zai kwana shida bai ga gidansa da rana ba: Lahadi yana Dambatta a kan hanyar Kano, Alhamis yana Maigatari a bakin iyakar Nijar, sauran ranakun kuma yana bin kasuwannin ƙauye a bayan babur.

Masana tattalin arziki sun gina iliminsu a kan mutum biyu, mai saye da mai sayarwa, sun manta da na uku wanda ya fi su yawa, ya kuma riga su zuwa, wato ɗan tayi. Tayi shi ne farashin da mai saye ke furtawa domin a buɗe ciniki, ɗan tayi kuwa shi ne wanda ya mai da wannan furuci sana'a mai zaman kanta, ba tare da niyyar kai hannu aljihu ba. Ana gane shi da wankakkiyar riga da karin hula, da kuma buhun da ya naɗe a hammata, wanda zai koma gida a naɗe kamar yadda ya zo.

Aikinsa yana farawa ne a layin 'yan awo, inda yakan tsoma hannu cikin gero har wuyan hannu, ya ɗebo, ya hura, ya tauna ƙwaya biyu, sannan ya tambayi kuɗin tiya, wato babban kwanon awo, da muryar wanda motarsa ke jira a tasha. Idan aka faɗa masa sai ya yi salati, ya taya rabi, mai hatsi ya ce albarka, kalmar da a wannan fage ke nufin a ƙara, shi kuwa ya karɓe ta a matsayin addu'a ya yi gaba. Daga nan sai wajen masu gyaɗa da dabino da ƙuli-ƙuli, inda al'adar ɗanɗano, wadda aka kafa domin mai saye ya tabbatar da ingancin kaya, ta zama masa karin kumallo. Kafin azahar ya tabbatar da ingancin abinci iri bakwai ko takwas, bai samu ko ɗaya da ya kai matsayin a saya ba.

A kara, wato sashen dabbobi, nan iliminsa ke cika. Yakan buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora, ya matsa tozo, ya ja wutsiya, ya tambaya ko daga Nijar aka kawo shi, sannan ya ja dillali gefe su yi raɗa mai tsawo. Dillali, wanda abincinsa la'ada ce, wato ɗan kason da ake ba shi idan ciniki ya faɗa, ya san mutumin tun shekaru, amma ba ya korarsa, domin tsayuwar mai babbar riga a kan sa tana sa mai saye na gaskiya ya yi sauri kada a riga shi. A nan ne kaɗai za a iya cewa ɗan tayi yana da amfani ga tattalin arziki, ko da yake ba a taɓa jin an raba la'adar da shi ba. Haɗari guda ne ke tattare da sana'ar, shi ne ranar da mai dabba ya matsu, ya ji tayin da bai kai ba amma ya ce, "Na sallama, Alhaji, kawo kuɗi." A irin wannan lokaci akan ga ɗan tayi ya tuna bai yi salla ba, ko kuma ya gano wani ɗingishi a ƙafar san da ba wanda ya lura da shi sai shi.

Ba za a ce mai sayarwa ne abin tausayi a wannan mu'amala ba, domin shi ma yana da nasa karatun. Tun hantsi yake rantsuwa cewa ko uwar kuɗi bai mayar ba, yana sallamawa ne kawai saboda mutunci, kuma a kan wannan asara ta kowane mako ya yi rufin kwano ya aurar da 'ya'ya. Tumatirin da ke saman kwando da wanda ke ƙasansa ba su taɓa zama 'yan gona ɗaya ba, kuma gyara, wato ɗan ƙarin da ake yi wa mai saye bayan awo, yawanci abin da babban yatsa ya tare a cikin kwano ne ake mayar masa.

Zamani ya yi wa ɗan tayi gata. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira, ya ba shi hujjar da kakanninsa ba su samu ba, domin yanzu yana iya kammala ciniki har a ɗaure masa kaya, ya daɗe yana latsa waya, sannan ya ɗaga ta sama ya ce sabis ya ɗauke. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota, amma bai rage zuwansa ba, ya dai ƙara masa abin yin salati. A Madrid ta Sifaniya, inda kasuwar El Rastro ke ci kowace Lahadi, dubban mutane na zagaya tituna suna juya tsofaffin kaya su ajiye, ana kiransu masu yawon buɗe ido, hukuma na murna da zuwansu, alhali takwaransu na Gwiwa da ya fi su ƙwarewa ba ya samun komai sai harara.

Ladansa yana jiransa ne bayan magariba a majalisa, wato dandalin hira na ƙofar gida, inda yake zama hukumar ƙayyade farashi ta unguwa. Ya san kuɗin rago da na buhun wake da na atamfa, ya san wanda ya sayar da akuyar matarsa da wanda aka gani a rumfar mai tsire shi kaɗai, kuma manomin da ya yi niyyar fitar da geronsa yakan fasa saboda rahotonsa. Idan ƙaramin ɗansa ya leƙo ya ce, "Baba, ina tsaraba?" sai ya dube shi da tausayi ya bayyana masa cewa raken yau duk bai nuna ba, domin shi da kansa ya ɗanɗana na mutum huɗu.