Wasiƙa Zuwa Ga Wayar Kyaftin Kirk

Kaka, gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya a duk akwatin kayan fim ɗin da aka ajiye ki.

Ƙarar jikokinki na kawo miki. Tun 1966 da kika fito a shirin Star Trek na Amurka kike sa mana rai. Kirk ya zaro ki daga ƙugu, ya ɗaga murfinki, ki yi ɗan kuka, shi ke nan yana magana da jirginsa da ke shawagi a sararin samaniya. Ba turken sabis, ba kati, ba wanda ya taɓa ganin an kai ki shagon mai caji. To ga mu nan, mun samu wayar, amma sai mutum ya fita tsakar gida yana ɗaga hannu sama kafin ya ji muryar ɗan'uwansa da ke unguwar gaba.

Kada dai ki kumbura. Ana yawan cewa ke kika zaburar da Martin Cooper na kamfanin Motorola, wanda ya yi kiran farko da wayar hannu a titin New York a 1973. Shi kuwa agogon hannu mai magana na Dick Tracy, jarumin labarin zane, ya fi ambata, agogon da aka zana tun 1946. Wadda ta ɗauko kamanninki sak ita ce StarTAC ta 1996, mai murfi, har sunan ma ba ta yi nisa ba. Yayarta DynaTAC ta 1983 kuwa, a yi sha'ani: cajin awa 10, maganar minti 30, kuɗi kusan dala 4,000.

In dai iya aiki ake magana, jikokin nan sun wuce ki nesa ba kusa ba. Ke ba allo, ba kyamara, murya ce kawai. In ana son auna wani abu sai Spock, abokin aikin Kirk, ya rataya wata na'urar daban. Tamu kuwa ita ce banki, ita ce rediyo, ita ce tocila, ita ke nuna alƙibla. Tun 2022 ma wasu na iya tura saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam inda babu sabis. Kuma ke ma mun san halinki: duk lokacin da marubucin shirin ke son Kirk ya shiga uku, sai a ce guguwa ta hana ki aiki, ko abokan gaba su ƙwace ki.

Abin da na fi jin haushi, ba ki faɗa mana yadda mutane za su zama ba. Ban taɓa ganin an yi wa Kirk filashin ba. Ba a sa shi a zauren WhatsApp na dangi ba tare da izininsa ba, ba a turo masa odiyon minti 14 na maganin basir ba, ba wanda ya kira shi da asuba ya ce ya ci gasar da bai shiga ba. Duk wanda ya kira ki, magana ce da shi, ya faɗa ya kashe. Wannan tarbiyyar ba ta biyo jini ba.

In kin haɗu da wayar bidiyon nan ta fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, ki gaishe ta. Wani mutum a fim ɗin ya kira 'yarsa daga tashar sararin samaniya, yana gamawa allo ya nuna masa dala 1.70. A duk danginku ita kaɗai ta faɗa mana za a cire kuɗi.

Naki,
Wani mai neman aron caja