Tauraro a Kujerar Bayan Trotro

Duk wanda ya ga fostar mai jitar nan a bangon Ayigya Zango, da baƙin tabarau da sarƙa a wuya, zai rantse yaron ya yi sallama da talauci. To, ku same shi da asuba a Tech Junction, jita a baya, sifika a ka, yana ciniki da yaron mota da ya dage sai an biya wa jitar kuɗin kujera, tunda ta fi wani fasinjan tsawo.

Yawon wasan kuwa, yau Techiman, jibi Tamale, kwana a bencin tasha. Ana tsakiyar waƙa dumsor ta ɗauke wuta, jitar lantarki ta koma katako mai igiya. Mai shirya taron ya ce bari ya nemo canji, har yau ana jiransa. Ladan dare guda: waakye a ganye, ko ƙwai babu.

A gida ma ba sauƙi. Hajiya ta ce, “Ɗan nan, kiɗan da ba ya tara mata a gidan biki, wa zai ciyar?” Sai ya kawo zancen Osibisa: ai Teddy Osei ɗan Kumasi ne, ya kafa ƙungiyar a Landan a 1969, duniya ta san su. Hajiya ta ce, “Shi dai ya kai Landan. Kai ko kuɗin motar Kejetia ni nake ba ka.”

Jama'a, in kun je kallo ku biya kuɗin ƙofa, ku daina cewa ku ƙannen mai ganga ne.