Maganar da Ke Sa a Janye Maka Benci

A teburin mai shayi a Gummi, soki gwamnati son ranka, ba mai ɗaga kai daga kofinsa. Amma ka kuskura ka ce shirin Labarina ya cika jan rai, sai a janye maka benci. To, ni dai na faɗa. A shirin, Sumayya ta kwanta tana Nafisa Abdullahi, ta wayi gari Fati Washa, 'yan gidansu ba wanda ya ce uffan. Shirin Kwana Casa'in kuwa, tun 2019 Arewa24 ke ƙirga kwanakin nan a Alfawa. Jaririn da aka raɗa wa suna lokacin har ya shiga firamare. Da na faɗi haka, wani ɗan Anka ya rantse ba zai ƙara tura mini sabon fitowa a waya ba. Ban ma taɓo Izzar So ba tukuna.