Matar Malam Mai Gemu

A ce kana tsaye a Ƙofar Doka, wani ya ce maka, "Yanzun nan na gaisa da matar malam mai gemu." Ko gezau ba za ka yi ba, don ƙwaƙwalwarka ta riga ta miƙa wa malam gemunsa tun mai maganar bai rufe baki ba. Alhali a nahawu babu abin da ya hana gemun nan zama na uwargida, tunda "mai" ba ruwansa da mace ko namiji. Sanin duniya ne ya raba gardamar.

Masana sun daɗe da gano wannan rawar kai. A 1982 Lyn Frazier da Keith Rayner sun bi motsin idon masu karatu a Amurka, suka ga ƙwaƙwalwa ba ta da haƙurin jiran ƙarshen jimla. Ma'ana ɗaya take cafkewa, in ta kasa ɓullewa sai ido ya koma baya da kunya. A 1988 kuma Cuetos da Mitchell suka nuna masu Sifaniyanci sun fi jingina irin wannan bayani ga sunan farko, masu Ingilishi ga na kusa.

To, Zazzagawa fa? Shiga wata majalisa a Kwarbai ko Babban Dodo bayan la'asar, ka yi sallama, ka ce, "Don Allah ina neman surukar tela mai faɗa." Faɗa dai kowa na iyawa, tela ma in Sallah ta ƙarato ba kanwar lasa ba ne. Amma nan take za a yanke hukunci, ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba.

Kai ma mai karatu, tsakaninka da Allah, wa ka fara zargi?