Yadda Na Zama Mai Gida a Ƙasar Waje

A majalisarmu ta Arkilla a Sakkwato, inda muke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, akwai wani abokina da ba ya buɗe baki sai ya ambaci ƙanensa mai gida a Dubai. Ko zancen tsadar taki ake yi, sai ya san yadda ya kai mu Dubai. Abin ya ishe ni. Wata rana na ce a raina, ai ƙasar waje ba ta fi ƙasar waje ba. Daga Sakkwato, in ka bi ta Kware da Gwadabawa ka isa Illela, ka tsallaka iyaka, ga ka a Birnin Ƙonni cikin Jamhuriyar Nijar, ba biza, ba jirgi. Wanda ya mallaki gida can, wa zai hana shi cewa yana da gida a ƙasar waje?

A watan Maris na 2023 na tattara abin da shagona na kayan gini ya tara, na sayar da tsohuwar motata, na nufi Ƙonni. Da za ni fita uwargida ta tare ni a zaure. "Baban Abba, mi kaka nema Ƙonni? Gidanga da muka ciki ko rufin bayi ba ka gyara ba." Na ce mata harkar manya ce. Ta ce Allah shi kiyaye hanya, da irin muryar da ake yi wa wanda aka san zai dawo da labari.

Darasin farko mai shayi ne ya ba ni. Na sha shayi da burodi da ƙwai, na tambayi kuɗi, ya ce ɗari. Na miƙa masa sulallan sefa ɗari ina mamakin arahar ƙasar nan. Ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, wannan ai dala ashirin ce." Ashe mutanen Nijar da dala suke ƙirga, kowace dala kuma sefa biyar ce, ɗarinsu ɗari biyar ke nan, sefa dubu kuwa jikka suke ce mata. Shi ya sa da dillali ya kai ni wani gida mai ɗaki uku da bishiyar darbejiya a tsakar gida ya ce miliyan shida, sai da na riƙe hannunsa na ce ya rantse mini miliyan shidan ba a ninka ta sau biyar. Ya yi dariya har da dukan cinya.

Miliyan biyu nake da ita, saura huɗu. Dillali ya ce mu je banki. Muna shiga, wani saurayi mai ɗamammiyar riga ya miƙe ya ce, "Bismilla, mushe." Na waiwaya in ga ko akuya ta mutu a bakin ƙofa. Ya sake cewa mushe, yana nuna ni. Ni da na yi wanka na fesa turare! Har na fara naɗe hannun riga, dillali ya raɗa mini cewa haka ake girmama namiji da Faransanci. Na zauna, amma raina bai kwanta ba, kuma daga baya na gane yaron annabci ya yi.

Ya jero mini sharuɗɗa. Sai ina da asusu a wurinsu wanda kuɗina ke shiga duk wata. Sai takardar shaidar zama a ƙasar. Sai gidan yana da cikakkiyar takardar mallaka, wadda suke kira titir fonsiye, alhali namu takardar cinikin fili ce kawai daga ofishin magajin gari. Sannan ga kuɗin ruwa, wanda ko da na cika sauran sharuɗɗan ban san da wane ido zan kalli limaminmu ba. Muka fito kamar yadda muka shiga.

Mai gidan ne ya kawo mafita, wani dattijo mai sanyin magana. Ya ce in ba shi miliyan biyu, sauran in riƙa biyan jikka ɗari duk wata har wata arba'in, ba ƙarin ko dala, amma takardu na hannun notar, wato jami'in da ke buga hatimi kan cinikin gidaje, sai ranar da na gama. In na yi fashin wata uku a jere, ciniki ya warware. Aka rubuta da Faransanci, aka karanta mini da Hausa, na sa hannu. A lokacin ina sayen jikka a wajen 'yan canji kan naira 1,250 ko kusa da haka. Na buga lissafi: naira 125,000 a wata, ga ɗan haya zai riƙa ba ni jikka arba'in. Na dawo Arkilla ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke ni ba. Da mai ƙane a Dubai ya fara, sai na yi gyaran murya na ce, "Mu ma da muke da 'yan kadarori a waje mun san wannan."

Wata uku na ci ina wannan gyaran murya. A watan Yuni gwamnatin Tinubu ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, naira kuwa ta kama gangara. Ita sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane ɗaya, ba ta motsi. Ranar 26 ga Yuli sojojin Nijar suka kifar da Shugaba Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Illela, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Gidana na ƙasar waje ya zama na waje da gaske: ba na iya zuwa, sai dai in aika kuɗi ta hannun 'yan canji. Ɗan hayana, wani mai fataucin albasar Galmi, ya bugo waya ya ce kasuwa ta tsaya, in yi haƙuri. Shi kuwa dattijo duk ƙarshen wata sai ya kira ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, har da na goye, bai taɓa ambaton kuɗi ba. Na gwammace ya zage ni.

Zuwa Fabrairun 2024 jikka ta haura naira 2,500. Wani dare na ɗauko biro. Na biya wata goma sha ɗaya, saura sefa miliyan biyu da dubu ɗari tara. Da na mayar da su naira, sai na ga sun kai miliyan bakwai da rabi, daidai kuɗin gidan gaba ɗaya ranar da na saye shi. Shekara guda ina biya, bashi na nan inda gida ya fara. Na sake lissafin sau uku, har da tashin Abba ya duba da wayarsa.

Wani mai ilimin boko a majalisa ya ce dabara ita ce in ci bashin naira in kashe na sefa gaba ɗaya kafin jikka ta kai dubu biyar. Na je wani banki a cikin gari. Suka ce mene ne jingina? Na ce gida. A ina? Na ce Ƙonni. Matar ta ajiye biro ta ce, "Alhaji, in ka kasa biya, da wace kotu za mu je mu karɓe shi? Kawo takardar gidan da ke Sakkwato." Gidan Arkilla kuwa na gado ne, mu tara ke da shi.

Da na rasa tudun dafawa, na koma inda na fito. Uwargida ta saurare ni har na gama, ta shiga ɗaki ta fito da wani gwangwanin alewa. Ashe shekara goma sha biyar duk adashin da ta kwasa zinari take saya, zinari kuma dalar Amurka yake bi, duk faɗuwar naira ita ƙiba take yi. Ta haɗa da bijimai biyu da take kiwo a Wamakko. Ta ce, "Ni ba ni cin riba, haramun ce. Amma ba ni ba ka kuɗɗina sai takarda ta zaka hannuna, da sunana cikinta." Na ce to. Na sayi sefa a tsadar da ba a taɓa gani ba, na aika wa dattijo, ya yi mini addu'a mai tsawo.

A watan Maris aka buɗe iyaka. A watan Afrilu naira ta farfaɗo na ɗan lokaci, jikka ta sauko ƙasa da dubu biyu. Da na yi haƙurin wata biyu, da kusan naira miliyan biyu ta tsira. Mai ilimin boko ya ce ai tattalin arziki ba a yi masa rantsuwa.

Yanzu ina biyan uwargida duk wata, kuma ko bankin duniya bai kai ta tsare lokaci ba, don ita ta san inda nake ajiye wandona. Ɗan haya ya biya bashin wata takwas da buhunan albasa, ya aiko su har Sakkwato, garin da albasa ke ruɓewa a kasuwa. Rabonta aka yi wa maƙwabta, uwargida ce kuma ta raba, tana faɗa wa kowa daga gidanta na ƙasar waje aka kawo. Jiya mai ƙane a Dubai ya tambaye ni labarin kadarorina. Na ce masa ya shiga ciki ya tambayi mai su, ni ɗan aike ne, ranar Laraba ma za ta tura ni in gyara rufin bayin can.